Baba ya ƙi saka na'urar da aka dasa masa, wai hayaniya kawai yake ji

Ummu Nana
Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Mahaifinmu ya haura saba'in, jinsa ya daɗe yana raguwa kaɗan kaɗan har ta kai na'urar ƙara ji ma bata tsinana masa komai, sai dai ka tsaya gabansa ya kalli bakinka ko ka rubuta masa. Mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi aka kai shi Masar aka yi masa dashen nan na cikin kunne, kokliya implan, a kunnen dama, aiki ya yi kyau alhamdulillah kuma an kunna masa kafin su taso. To tunda suka dawo Baba baya son sakawa, in ya maƙala da safe kafin azahar ya cire ya jefa durowa, yace shi ba magana yake ji ba ƙarar ƙarfe ce kawai da wata tsuwwa, muryar Hajiya da ta ƙaninmu duk ɗaya suke fito masa, in aka ajiye cokali a faranti ko aka buɗe famfo sai ya dafe kai. Yayanmu dake waje ya biya kuɗin wata manhajar wasannin ƙwaƙwalwa a waya yace ita zata gyara abin, Baba ko kallo bata ishe shi ba. Aikin ne bai yi ba ko kuwa tsufa ne? Wlh abin yana damuna, mutumin da a da in yana tsakar gida hira bata yankewa yanzu sai ya wuni a ɗaki.

Maman Ihsan
Allah sarki Baba, Allah ya ba shi lafiya ku kuma ya saka muku da alheri. Bari masana su zo.

Musa K.
Amin. Amma ni dai gsky da an tambaye ni tun farko da nace a bar shi, wannan abin ai na yaran da aka haifa basa ji ne. Mutum ya kai saba'in ƙwaƙwalwarsa ta riga ta tsaya, me zata koya kuma. Ba kashe miki gwiwa nake ba 'yar'uwa, ku dai kar ku takura masa.

Malama Hadiza
Wa alaikumus salam. Ummu Nana kwantar da hankalinki, aikina kenan gwajin ji da horar da masu na'ura, kuma abin da kika lissafa kusan duk wanda aka yi wa dashen nan yana faɗarsa a farko. Bari in yi bayani ko da zai yi tsawo. A can cikin kunne akwai wani gurbi a nannaɗe da ake ce wa kokliya, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 3,500 waɗanda sune ke miƙa sauti ga jijiyar ji, kowane sashe da irin sautin da yake ɗauka daga mai kauri har siriri. In suka mutu basa dawowa. Shi dashen tsallake su yake yi, a zura wata siririyar waya cikin kokliyar mai ɗauke da 'yan maɓallan lantarki, su riƙa zungurar jijiyar kai tsaye. Maɓallan nan na kamfanin Cochlear guda 22 ne, na Advanced Bionics 16, na MED-EL 12. Kin ga aikin da dubbai ke yi an bar wa ashirin da ɗoriya ko ma ƙasa da haka. Don haka saƙon da ke isa ƙwaƙwalwar Baba ba irin wanda ta saba da shi tun yana yaro bane, sabo ne fil, dole sai ta koye shi, kuma bata da hanyar koyo sai ta ji ta sake ji kullum. Sakawa daga safe zuwa azahar ba zai wadatar ba, abin da muke nema in dai ido biyu yake to na'ura na kansa, sai barci da wanka. Mafi yawan ci gaban a wata uku zuwa shida na farko ake samunsa, ya ci gaba har shekara da ma fiye, shi yasa bana son watannin nan su ƙare a durowa.

Amma maganar cokali da famfo daban ce, kar a ce masa ya daure kawai. Tunda aka kunna an sake yi masa saiti? Domin kowane maɓalli ana auna inda mutum ya fara jinsa da inda ya kai ƙarfin da zai iya ɗauka ba tare da ya dame shi ba, wannan ma'aunin kuma yana canzawa sosai a watannin farko, shi yasa ake ta komawa a shekarar farko. Wanda ke yawo da saitin satin farko dole ya tsani abin.

Ummu Nana
Malama ngd sosai. An ɗan taɓa masa kafin su taso, daga nan ba a sake ba, ba wanda ya zaunar damu ya ce ana komawa. Sai mun koma Masar kenan?

Malama Hadiza
Ba lallai ba. Duba akwatin da aka ba ku, sunan kamfanin da lambar na'urar suna jiki, kowane kamfani da kwamfutarsa ta saiti, na wannan baya yi wa wancan. Ki tuntuɓi asibitin da suka yi aikin su turo miki bayanan saitinsa, sannan ki tambaya a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa dake Kaduna ko sashen kunne hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa daku, su nuna miki inda wakilin kamfaninku ko mai saitinsa yake. Kafin nan akwai wajen rage ƙarar a rimot ɗin ko a waya, gara a rage masa ya wuni da ita da a bar ta da ƙarfi ya cire. In kuma kika ga fatar ƙarƙashin maganaɗisun da ke riƙe na'urar a kai ta yi ja ko ta kumbura, ko gefen fuskarsa yana motsi in an kunna, ko jiri, ko zazzaɓi da ciwon kai, wannan ba jira, likita kai tsaye. Fatar tsofaffi siririya ce, wani lokacin maganaɗisun ne ya yi ƙarfi sai a canza mai sauƙi.

Dokta Aminu
Malam Musa ina so in tanka maka don kar wani ya karanta ya hana tsohonsa. Dashen nan a manya aka fara shi ba yara ba. Wanda Graeme Clark ya fara sa wa mai maɓallai da yawa a Melbon ta Ostareliya a 1978 magidanci ne da ya rasa jinsa a haɗarin mota, yara daga baya aka zo kansu. Kuma wanda ya taɓa ji ya iya magana yana da jari babba, harshen yana nan a kansa, haɗa shi da sabon sautin kawai ya rage. Abin da ya fi yawan shekaru tasiri shine tsawon lokacin da kunnen ya yi a rufe ba ji. A Faransa an bi tsofaffi 94 'yan shekara 65 zuwa 85 da aka yi wa dashen, aka buga sakamakon a 2015, bayan shekara ɗaya jinsu ya ƙaru, damuwa ta ragu, da yawa cikin waɗanda suka faɗi gwajin tunani kafin aikin sun yi kyau bayansa. Sai dai a lura da abu biyu, babu wani rukuni da aka bari ba dashe don a kwatanta, sannan mutanen nan ba sallamarsu aka yi su tafi gida ba, watanni suka yi suna zuwa wajen mai horar da saurare akai akai. Wannan na biyun shine abin da mu muke rasawa, a kashe dukiya a aiki a manta da horon.

Musa K.
To Dokta na ji, amma can Faransa ne. Nan wa zai riƙa kai tsoho asibiti kowane sati.

Abban Sadiq
Ai shi yasa yayan nasu ya yi dabara. Ni ina ganin ku lallaɓa shi ya riƙa yin wasannin nan na waya, tunda Malama da kanta tace ƙwaƙwalwa ce ke koyo, to a motsa ƙwaƙwalwar mana. Kuma na ji ance rashin ji yana kawo cutar mantuwa, kun ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Dokta Aminu
Abban Sadiq a nan zamu ɗan saɓa. Alaƙar rashin ji da cutar mantuwa gaskiya ce, kwamitin mujallar Lancet a rahotonsa na 2024 ya sa shi cikin abubuwa 14 da in an magance su ake fatan rage cutar. Amma a yi hattara da yadda ake tallata abin. Babban gwajin da aka yi a Amurka mai suna ACHIEVE, mutum 977 'yan 70 zuwa 84, shekara uku ana binsu, da na'urar ƙara ji aka yi ba dashe ba, kuma da aka haɗa kowa da kowa ba a ga bambanci ba, sai a rukunin da dama can sun fi shiga haɗari aka ga raguwar tunanin ta yi sauƙi da kusan rabi.

Wasannin waya kuwa, a Ingila an gwada mutum 11,430 na sati shida aka buga a 2010, sun ƙware a wasannin da suka yi ta yi amma ƙwarewar bata tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity mai irin waɗannan wasannin biyan dala miliyan 2 saboda tallan da ya wuce hujjarsa. Wanda ya yi ta haɗa launuka a waya zai iya haɗa launuka, amma ba shi zai sa ya gane muryar matarsa ba.

Abban Sadiq
Amma Dokta ba zaka ce ba ruwan tunani da ji ba. Kakata in ta gaji ko hankalinta na wani wuri ko ihu kayi bata ganewa, in ta natsu kuma tana kamawa.

Dokta Aminu
Wannan kam ka yi gaskiya, ban musa ba. Mai dashe rabin magana yake samu, sauran da tunani yake cikewa, yana riƙe farkon zance a kai yana jiran ƙarshensa ya warware masa kalmar da ta kuɓuce, shi yasa suke gajiya liƙis da yamma. Abin da nake cewa a horar da tunanin TA KUNNE. A faɗa masa abu uku da za a sayo ya maimaita, gobe huɗu, a faɗi lambar waya ya rubuta, a ba shi gajeren labari a tambaye shi waye ya je ina. In yana son wasan waya don nishaɗi ba laifi, amma kar a ɗauka shine maganin.

Tsohon Hedimasta
Assalamu alaikum. Jikata ce ta nuna mini wannan zance tace lallai in yi magana, da hannuna nake rubutawa a yi haƙuri da jinkiri. Ni ma ina ɗauke da irin wannan na'ura a kunnen hagu, kuma na girmi shekarun da aka ambata. Ɗiyata Ummu Nana, ki gaya wa mahaifinki wani ɗan'uwansa yana gaishe shi, kuma abin da yake ji ba ƙarya yake ba. Ranar da aka kunna mini na yi baƙin ciki ƙwarai, na zaci muryar iyalina zan ji sai na ji ƙyas ƙyas da fito. Abin da ya riƙe ni aikina ne na da. Duk malami ya san in aka kawo maka sabon ɗalibi mai mummunan rubutu, makon farko ba ka gane ko layi ɗaya, amma in kana duba littafinsa kullum kafin ƙarshen zango kana karantawa ba ka ma lura da muninsa. Rubutun bai canza ba, kai ne ka saba. Haka na ɗauki abin.

Ga yadda na yi. Bayan sallar asuba gida shiru, jikata ta zauna gefen da na'urar take ta karanta mini jarida a hankali ni kuma ina bin wani kwafin da yatsa. In ta tsaya a tsakiyar layi sai in nuna mata kalmar da ta tsaya a kai. Da na ƙware sai na ajiye takardar, ta karanta jimla in maimaita. Ba ma wuce minti ashirin domin kai yana ɗaukar zafi. Da rana kuma in na ji wani sauti sai in tashi in nemo mai shi, in ga ashe tsintsiya ce, ashe tattabaru ne a kan kwano, daga ranar kuma ya tashi daga hayaniya ya zama abu mai suna. Sautin da ya fara dawo mini daidai shine takun takalmin maiɗakina a siminti, na san ita ce tun kafin ta shigo. Yau ina waya da 'ya'yana. A wajen ɗaurin aure ko cikin kasuwa har yanzu ina shan wuya, kuma waƙa bata dawo mini yadda na santa ba, wannan gara a gaya masa tun yanzu.

Ummu Nana
Allahu akbar. Baba mun gode Allah ya ƙara girma da lafiya, wlh sai da na yi hawaye. Zan karanta masa saƙonku yau in sha Allah, ko in ba shi ya karanta da kansa.

Maman Ihsan
Baba Hedimasta Allah ya saka da alheri, ku ci gaba da yi mana irin wannan bayanin.

Malama Hadiza
Baba Hedimasta ya gama magana, abin da ya yi shine ainihin tsarin da muke koyarwa, a fara da jin akwai sauti, sai bambance wannan da wancan, sai gane ko menene, sannan fahimtar zance. In ƙara abu kaɗan. Kowace safiya ki tsaya gefensa inda baya ganin bakinki ki yi sautuka shidan nan, mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss, ya maimaita. Sun ratsa magana daga mai kauri zuwa siriri, in yau ya kasa jin sss alhali jiya ya ji to a duba na'urar. In yana sa na'urar ƙara ji a ɗaya kunnen a cire ta lokacin horo kawai, in an gama a mayar.

Sai babbar matsalarmu da ba a cika faɗa ba. Manhajojin horon saurare suna nan, akwai Angel Sound ma kyauta ce, kamfanonin ma kowa da tasa, amma mafi yawa da Turanci ne, tsohon da rayuwarsa duk da Hausa ya yi ta me zai yi da su. Kuma Hausa tana da abin da Turanci bashi da shi, hawa da saukar murya suna canza ma'ana, kuma daidai nan ne dashen ya fi rauni, an ga haka sosai a masu jin Sinanci. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya, wuya ta jiki da wuya ta wahala haka, murya ce kawai ta raba su. Ga tsawon wasali, gari na mutane da garin tuwo. Ko ya tafi, in ka ja ya ɗin labari ne ka bayar, in ka gajarta ka sauke umarni ne. Ga kuma kafa da ƙafa, bari da ɓari, kare da ƙare, sara da tsara. To kar a fara masa da waɗannan tsirara, zai karaya. A fara da kalmomin da suka yi nisa da juna, a rubuta huɗu a takarda kamar ruwa, alkyabba, goro, makaranta, a faɗi ɗaya ya nuna. Masu kama da juna sai daga baya kuma a cikin jimla, an kaɗa miyar kuka, yaro yana kuka, zancen da kansa zai taya shi.

Ɗan Maraɗi
Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Maraɗi. Tsohuwarmu ma an yi mata a waje, mu abin da munka yi Alƙur'ani munka sa mata, ƙira'ar Husari wadda yake ja a hankali, tana bi da Mus'hafi a hannu. Wallahi nan ta fara gane abin da take ji, don ta hardace surorin tun tana yarinya. Ina ganin shi ya fi komi ga tsofaffinmu.

Abban Sadiq
Amma ɗan'uwa in ta riga ta haddace ai ba ji take ba, cankar abin da zai zo take yi. Ta ina za a san kunnen ya koyi wani abu?

Ɗan Maraɗi
To ai shi ya ba ta ƙarfin zuciya ta bar abin bisa kai wuni guda, da can cirewa take kamar Baban Ummu Nana.

Malama Hadiza
Ku duka biyun kuna da gaskiya kuma ba saɓani. Sanin abin da zai zo shine yake ba ƙwaƙwalwa damar cewa ashe wannan ƙarar ita ce wannan kalmar, don haka a matakin farko haddar taimako ce babba. Gwajin da Abban Sadiq ke nema mai sauƙi ne, a kunna daga tsakiyar sura ba a faɗa mata ba, a ga ko zata gano inda ake. Amma kar a tsaya nan, ƙira'a a tsare take, hirar gida kuwa da sauri take zuwa ana katse juna, kuma da Hausa. Sai an haɗa da labaran rediyo da saƙon murya na WhatsApp daga 'ya'ya da jikoki, shi yana da daɗi don ana iya maimaitawa har sai an gane. In na'urar tana haɗuwa da waya ta Bluetooth a tura sautin kai tsaye, ya fi na lasifika tsabta nesa ba kusa ba.

Anti Balki
Ni wani gefen zan taɓo da ba wanda ya faɗa. Ummu Nana ke ce ta nawa a gidan? Don in ke ce 'yar fari ko ma ba fari ba, dattijon Bahaushe ba zai ji daɗi 'yarsa ta zaunar da shi tana cewa Baba maimaita, Baba ba haka bane, kamar ɗan aji ɗaya. Mijin yayata haka ya yi ta fushi aka rasa dalili, ashe kunya ce da jin an raina shi. Da aka juya abin aka ce jikansa ne zai riƙa kawo masa karatu yana biya masa shi kuma yana gyara masa, sai ga shi shi ke kiran yaron da kansa. Horon dai ɗaya ne amma shi ne malami. Jika wasa ne tsakaninsu, ko ya kuskure dariya za su yi. Sannan ku nemo amininsa guda ɗaya ya riƙa zuwa bayan la'asar su zauna su biyu a zaure, ba majalisa gaba ɗaya ba tukuna.

Ummu Nana
Anti kamar kina gidanmu wlh, ni ce babba a mata, in na ce ya maimaita sai ya kawar da kai yace in je in yi aikina. Akwai ɗan ƙanwata da suke shiri sosai, shi zan sa.

Tsohon Hedimasta
Hajiya Balki ta faɗi gaskiya. Ina ƙara roƙon mutanen gida, ku daina ɗaga murya. Ihu yana farfasa maganar ne a cikin na'urar. Ku kira sunansa tukuna ya juyo, ku yi magana yadda kuka saba amma a natse, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, a kashe talabijin, in janareta na aiki a koma ɗakin da ya fi nisa da shi. In bai gane ba sau biyu a canza kalmomin. Abin da ya fi ci mini rai shine in tambaya me aka ce a ce mini ba komai Baba, a ci gaba da dariya. Wannan kalmar ita take mayar da mutum ɗaki.

Sadiya M.
Dan Allah tambaya, ya ake yi da alwala da sallah? Mamanmu ana shirin yi mata kuma abin da take ta tambaya kenan.

Tsohon Hedimasta
Ɗiyata ni cirewa nake in sa a aljihun gaba in yi alwala, in goge wajen ya bushe in mayar. A sujada da farko yana faɗuwa, sai aka ba ni ɗan zare mai maƙali da nake kamawa a wuyan riga, hula kuma mai ɗan sakewa tana riƙe faifan maganaɗisun ba tare da ta danne ba. Masallacin Juma'a yana da amsa-kuwwa, na fi gane huɗuba in na zauna kusa da lasifika guda ɗaya maimakon tsakiya inda suke haɗuwa.

Malama Hadiza
Ga mata kuma mayafi ko hijabi mai kauri yana gogar makirfon yana ƙara, a sa mai laushi kuma kar a ɗaure tam a wajen. Lokacin hunturu ƙura tana toshe murfin makirfon sai a ga ji ya ragu a zaci jijiya ce, a riƙa canza shi. Da zafi kuma gumi, kowane dare a sa ta a akwatin busarwa. Batir a samu na caji biyu saboda wutar nan tamu, da 'yan ƙananan na yarwa masu lamba 675 a ajiye in na'urar tana karɓa. Sadiya ki tambayi likitan maganar rigakafin sanƙarau kafin aiki, ana yi wa masu dashe, kuma tun yanzu ku san waye zai riƙa yi mata saiti a nan gida kafin ku zaɓi kamfani.

Musa K.
Ni har yanzu ina ganin wahalar ta yi yawa ga tsoho, amma tunda an riga an yi Allah ya sa a dace. Abin da zan ce tunda ba manhaja da Hausa me zai hana mu a nan mu naɗi muryoyinmu, maza da mata, a tara a ba masu buƙata.

Ɗan Maraɗi
Wanga shawara ta yi. Amma a tuna Hausarmu ba ɗaya ba, tsohuwata in anka ce mata barkono sai ta tsaya tunani, tonka ta sani. A sa namu ciki.

Malama Hadiza
Na yarda, kuma zan rubuta jerin kalmomin da jimlolin daga masu sauƙi zuwa masu wuya in saka a nan, kowa ya karanta da harshen garinsu ya rubuta sunan garin a kan saƙon. Sharaɗi dai a naɗa a ɗaki shiru, a kashe fanka, waya ta yi kamar taƙi ɗaya daga baki, a bar ɗan shiru tsakanin kalma da kalma don mai saurare ya samu damar maimaitawa. Ina buƙatar muryar dattijo ɗaya da ta yaro ɗaya ma, don muryoyin yara sun fi ba su wahala. Wa zai fara?

Anti Balki
Sa ni a na mata, Hausar Zariya. Yaron kuma zan sa autana in ya dawo daga Islamiyya.